Tambaya da Amsa: Wace Ciyawar Roba Ce Za Ta Jure Ranar Kaduna?

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karo sun fi karkata ga ciyawar roba, wadda yanzu ake ganinta a tsakar gidaje, da makarantu, da wuraren biki, da ƙananan filayen ƙwallo na haya. Ga waɗanda muka zaɓa.

TAMBAYA: Tsakar gidana mita 6 ne a mita 8. Duk ciyawar da na shuka tana bushewa da rani, ban ruwa kuma ya gagare ni. Mai shago ya nuna mini kala uku, duk koraye shar, amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗaya. Ta yaya zan gane ta ƙwarai? (Wata uwargida daga Unguwar Rimi)

AMSA: Hajiya, kada ki duba kore. A cikin shago kowace ciyawa kyakkyawa ce, ranar watan Maris ce ke rarrabe su. Ki ce mai shagon ya ba ki takardar bayanin kayan da ta zo daga kamfani, ki fara da irin robar da aka yi zaren da ita. Iri uku ne. Wadda ake rubuta wa PE ita ce mai laushi, ba ta karce fata, kuma ita ta dace da tsakar gida da filin ƙwallo. Wadda ake rubuta wa PP ta fi araha, ta fi kaushi, kuma rana tana saurin cinye ta, sai zaren ya riƙa karyewa yana zama gari. Ta uku nailan ce, ta fi su ƙarfi da jure zafi, amma tana da tsada da tauri. Mafi yawan ciyawar gida mai kyau haɗi ce: dogon zare miƙaƙƙe na PE, sannan a gindinsa gajeren zare murɗaɗɗe, sau da yawa mai ruwan ƙasa-ƙasa, wanda ke tokare dogon don kada ya kwanta. Idan kika buɗe zaren da yatsa ba ki ga wannan murɗaɗɗen ba, to kafet ɗin ado ne na rumfar biki, ba zai yi shekara biyu a rana ba.

Sai tsawon zare. Don tsakar gida da yara ke wasa, milimita 30 zuwa 35 ya isa. Mutane suna son mai milimita 45 ko 50 saboda taushinsa a ƙafa, amma dogon zare yana kwanciya da wuri, kuma a garin da ƙurar hunturu ke sauka wata uku zuwa huɗu, shi ne ya fi riƙe datti. Akwai kuma wata lamba da ake rubutawa Dtex, ma'anarta nauyin zare mai tsawon mita 10,000 a giram. Idan lambar ta yi sama, zaren ya fi kauri. Kada ki sauka ƙasa da 8,000, idan kuma kika samu 11,000 ko fiye, ya fi. Yawan ɗinki ma yana cikin takardar: 16,800 a kowane murabba'in mita shi ne abin da aka saba gani a ciyawar gida mai kyau.

Bayan takarda, ki gwada da hannunki. Ki danne zaren da tafin hannu na ɗan lokaci ki ɗaga, mai kyau zai miƙe da kansa. Ki kama tunƙu ɗaya ki ja da ƙarfi, idan ya tuge cikin sauƙi to gam ɗin bayan bai kama ba. Ki juya bayan ki lanƙwasa shi biyu, idan baƙin shafen ya tsage ko ya zubo da gari, kayan sun daɗe a ajiye ko an cika musu alli. Ki tabbata akwai ramukan fitar ruwa a jere. Sannan ki tambayi garanti a rubuce kan koɗewar launi, domin sinadarin da ke kare zare daga rana ba a ganinsa da ido, kuma nan ne masu kayan araha suke rage kuɗi.

Game da awo: ciyawar tana zuwa a naɗe, faɗin mita 2 ko mita 4, tsawo yawanci mita 25. Filinki murabba'in mita 48 ne. Da mai faɗin mita 4, yanka biyu masu tsawon mita 6 sun rufe shi, da haɗi ɗaya tak. Da mai faɗin mita 2 kuwa yanka huɗu ne da haɗi uku, kuma kowane haɗi wuri ne da zai iya buɗewa nan gaba. Ki ƙara santimita 10 zuwa 15 a kowane yanka saboda datsa gefe, kuma ki saya duka daga naɗi ɗaya, don launi yana ɗan bambanta tsakanin naɗi da naɗi.

TAMBAYA: An shimfiɗa mini ciyawar bara da rani, ta yi kyau ƙwarai. Da damina ta sauka sai ruwa ya riƙa kwanciya, wasu wurare suka lotsa, yanzu har ciyawar gaske na fitowa ta gefe. Mai aikin ya ce laifin kayan ne. Haka ne? (Wani magidanci daga Malali)

AMSA: Alhaji, da wuya ya zama laifin kayan. Abin da ka kwatanta alamar an share ƙasa ne kawai aka shimfiɗa ciyawar a kai. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ya fi cin kuɗi, domin gyaransa sai an ɗage komai. Ciyawar roba ba ta shan ruwa, wucewa kawai yake yi ta ramukan bayanta. Idan abin da ke ƙasa jar ƙasa ce mai laka, irin wadda ta cika unguwannin Kaduna, ruwan Agusta da Satumba ba shi da inda zai je. Ƙasar ta jiƙe ta yi laushi, a taka ta ta lotsa, rani ya zo ta bushe a haka.

Ga yadda ya kamata a yi. A haƙe ƙasar sama kamar santimita 10, a cire saiwa da duk wani ɓaraguzan gini. Tun daga wannan mataki a ba filin gangare, santimita 1 a kowace mita, zuwa wajen kwata ko magudanar gidan, ba wajen bangon ɗaki ba. Wato idan filin mita 8 ne, gefe ɗaya zai fi ɗaya ƙasa da santimita 8. Ido ba zai gani ba, amma ruwa zai bi. A ja igiya a auna, kada a bar wa lebura ya kintata.

Daga nan a kafa gefe. A nan muna jan hankali sosai: a ƙasashen Turai da katako ake yin wannan gefen, wasu masu aiki kuma suna kwaikwayo, amma a wajenmu gara za ta cinye katakon da aka binne kafin damina biyu. A yi shi da kankare ko bulon gefen titi. Sai a shimfiɗa yadin nan mai hana tsiro amma mai barin ruwa ya wuce. Kada a maye gurbinsa da baƙar leda, leda tana tare ruwa ne, ta mayar maka da filin tafki.

A kan yadin a zuba tsakuwar dutse da aka fasa, mai haɗe da garinta, kaurin santimita 7 zuwa 8. A yayyafa ruwa a daddaɓe da inji mai girgiza, a bi sau uku ko huɗu ta fuskoki daban-daban. Maɗaɓin hannu bai isa ba sai dai a lungu. A sama a ƙara garin dutse santimita 2 zuwa 3, a baje da miƙaƙƙen katako, a sake daddaɓewa har sai ka taka sawunka bai fito ba. Garin dutse ya fi yashi a nan, don yashi yana gudu idan ruwa ya bi ta cikinsa, tururuwa kuma suna son sa. Don filin murabba'in mita 50, ka yi lissafin tsakuwa kamar tan 7, garin dutse kamar tan 2.

Shimfiɗar ma tana da ƙa'ida. A warware ciyawar a bar ta ta sha rana awa biyu zuwa uku don lanƙwasar naɗi ta saki. Amma yanka da haɗi a yi su da safe ko da la'asar, saboda roba tana buɗewa da zafi ta tsuke da sanyi, haɗin da aka yi da tsakar rana yakan ja baya da dare. Duk yankan su fuskanci gefe ɗaya, zaren ya karkato wajen da ake zama ana kallo, in ba haka ba za ka ga filin kala biyu. Ana yanka ta baya da wuƙa mai kaifi, a cire layin ɗinki biyu ko uku daga kowane baki, a kusanto da su har ya rage milimita 2 zuwa 3, a sa ƙyallen haɗi a ƙasa, a shafa gam ɗin da aka yi don wannan aiki, a danne da nauyi. Gam ɗin takalmi ko na kafet ba ya jure ruwa da rana. A bar shi kwana ɗaya ba ruwa, shi ya sa aikin ya fi kyau daga Nuwamba zuwa Maris. A ƙarshe a kafe gefe, a watsa busasshen yashi tataccen kilo 5 zuwa 8 a kowane murabba'in mita, a share shi da burushi mai tauri har ya shige gindin zare. Yashin nan yana danne ciyawar don kada ta tattare, yana kuma tsayar da zaren. Idan yashin kogi za a yi amfani da shi, sai an wanke an tankaɗe an shanya, don lakar da ke cikinsa tana toshe ramuka.

Ciyawarka ta yanzu ba lallai ta lalace ba. A ɗage ta a hankali, a wanke, a gyara ƙasan, a mayar.

TAMBAYA: Gidanmu daɓen siminti ne gaba ɗaya. Sai an fasa? (Wata mai karatu daga Tudun Wada)

AMSA: A'a, Malama, muddin daɓen lafiyayye ne. Ki zuba bokitin ruwa ki ga inda ya nufa. Idan ya gangara ya fita, shi ke nan. Inda ya kwanta a cike da siminti, ko a huda ramuka a cika su da ƙananan tsakuwa. A shimfiɗa soso mai ramuka na milimita 5 zuwa 10 a ƙasa, don taushi da kuma kada kaushin daɓe ya ci bayan ciyawar. A manne gefe da gam, amma a bar 'yan gurabe ba gam a ɓangaren gangare don ruwa ya fita. A kan intalok kuwa sai an baje garin dutse tukuna, in ba haka ba zanen bulon zai fito a jikin ciyawar bayan 'yan watanni.

TAMBAYA: Ni da abokaina muna son buɗe filin ƙwallo na 'yan biyar-biyar don haya. Wani ya ce mu sayi irin ta gida mai kauri, ta fi araha kuma ba ta buƙatar baƙar robar nan. Wani kuma ya kawo mana tayin ta hannu da aka cire daga wani fili a waje. Mece ce shawararku? (Wani matashi daga Kawo)

AMSA: Ɗan'uwa, duka tayin biyu ka bar su. Ciyawar gida an yi ta ne don kallo da tafiya. Filin haya kuwa zai sha gudu da birki da juyi awanni da yawa kowace rana, musamman daga la'asar zuwa dare. Ta gida zarenta a cushe yake, ƙusoshin takalmi ba sa shiga su fita yadda ya kamata, ko ƙafa ta zame ko ta maƙale gwiwa ta murɗe, kuma gaban raga zai kwanta cikin watanni kaɗan.

Ta ƙwallo daban take. Zarenta PE ne mai kauri, tsawon milimita 40 zuwa 60, Dtex daga 11,000 zuwa sama, layukan ɗinkinta kuma a warwatse suke da gangan don a samu wurin zuba ciko. Cikon hawa biyu ne: yashi a ƙasa don nauyi, ɓarzajjiyar roba a sama don taushi da tashin ƙwallo. Ana zubawa har ya rage milimita 15 zuwa 20 na zare a waje. Yawan kilo a kowane murabba'in mita ya danganta da tsawon zaren da kuma ko an sa katifar roba a ƙasa, don haka a bi abin da kamfanin ya rubuta, a kuma ƙirga buhunan da idonka ranar aiki. Rage ciko hanya ce da mai kwangila ke cin riba ba a gani ba, sakamakonta kuma shi ne zare ya kwanta, takalmi ya riƙa cin sa daga gefe. Ka nemi zare mai sili ɗaya-ɗaya, ya fi jimawa a tsaye fiye da mai faɗi da ke tsagewa kamar raga.

Fili mai mita 40 a mita 20 murabba'in mita 800 ne, ban da sararin da za a bari tsakanin layi da waya. A wannan girma, ƙasan ya fi na gida nauyi: tsakuwa santimita 15 zuwa 20 a hawa-hawa, a daddaɓe da rola, gangare tsakanin rabin santimita da santimita 1 a mita, da bututu masu huji a binne da kwata a gefe. Idan filin yana kwari ko kusa da kogin Kaduna, a ɗaga shi sama da ƙasar da ke kewaye. Gwajin daidaito mai sauƙi ne: a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai mita 3, kada a samu rata fiye da milimita 10 a ƙarƙashinsa ko'ina. Fararen layuka kuma ba fenti ba ne, farar ciyawa ce ake yankawa a dasa da gam.

Za ka ji masu sayarwa suna cewa kayansu na FIFA ne. Ka fahimci abin da hakan ke nufi. Hukumar ta fara tsarin tantance ciyawar roba a 2001, an shigar da ita cikin dokokin wasa a 2004, har aka buga gasar cin kofin duniya ta mata ta 2015 a Kanada a kanta. Amma shaidar FIFA Quality ko FIFA Quality Pro ana ba da ita ne ga filin da aka kammala aka zo aka gwada, da ƙasansa da cikonsa, ba ga naɗin ciyawa a shago ba. Filin haya ba ya buƙatar wannan shaida. Abin da za ka nema shi ne sunan kamfanin da takardar gwajin kayan.

Ita kuwa ta hannu, ciyawar fili tana yin shekara 8 zuwa 10 ne idan ana kula da ita, kuma ba a cire ta sai ta kusa ƙarewa. Za ta zo da nauyin tsohon yashi, da yanka barkatai, da baya da ya bushe. Kuɗin ƙasa da gam da aiki duk ɗaya ne da na sabuwa, sai ka sake biya bayan shekara biyu.

Baƙar robar daga tsoffin tayoyi ake ɓarzo ta. Ita ce mafi araha, amma tana ƙara zafi, tana wari da rana, tana bin takalmi da ruwa zuwa kwata. Saboda wannan gurɓatar ne Tarayyar Turai ta yanke a 2023 cewa za a daina sayar da cikon roba daga 2031, ana komawa ga irin su ɓawon itacen kwak (wanda ake yin matoshin kwalba da shi) da ɓawon kwakwa. Idan baƙar ce ke samuwa, a sa raga a bakin kwata, a sa wurin karkaɗe takalmi a ƙofa, 'yan wasa su wanke hannu da duk wani ƙujewa bayan wasa. A hana takalmi mai ƙusar ƙarfe. A ja burushi aƙalla sau ɗaya a mako, a riƙa ƙara ciko a wurin bugun fanareti da gaban raga, don nan yake fara ƙarewa.

TAMBAYA: Ina da makarantar rainon yara. An ce ciyawar tana zafi. Gaskiya ne? (Wata shugabar makaranta daga Barnawa)

AMSA: Gaskiya ne, Malama, kuma ba ƙaramin zafi ba. Ciyawar gaske tana fitar da ruwa ta ganyenta ta sanyaya kanta, roba ba ta yi. A tsakar rana mai ƙarfi samanta yana iya kaiwa digiri 60 zuwa 70, wanda ya isa ya ƙona tafin ƙafar yaro. A Maris da Afrilu kada a bar yara a kanta ba takalmi daga hantsi zuwa la'asar. Gwajin shi ne malama ta ɗora bayan hannunta ta ƙirga biyar, idan ba ta jure ba yaro ma ba zai jure ba. Fesa ruwa yana sauke zafin nan take, amma yana dawowa da wuri, sau da yawa kafin rabin awa. Maganin da ke ɗorewa shi ne inuwa: rumfar raga ko ta kwano mai tsawo, ko a shimfiɗa ta inda bishiya ko gini ke karewa da rana. A makaranta kada a sa baƙar roba sam, yashi kawai. Kuma ki sani ciyawar ita kaɗai ba ta kare yaro idan ya faɗo daga lilo ko tsani. A ƙarƙashin kayan wasa dole a sa katifar roba mai kauri daidai da tsayin abin hawan.

TAMBAYA: Ya ake tsabtace ta da hunturu? Kuma muna ɗaure ragon layya a tsakar gida, muna hura gawayi. (Wani mai karatu daga Rigasa)

AMSA: Malam, da hunturu ka share ta sau ɗaya ko biyu a mako da burushi mai gashin roba, kana tura shi sabanin yadda zaren ya kwanta, sannan ka bi da tiyo duk mako biyu. Idan aka bar ƙura ta taru, ruwan farko zai mayar da ita laka ya toshe ramuka, kuma a cikin wannan lakar ce irin ciyawa ke tsirowa. Kada a sa manjagarar ƙarfe ko burushin waya. Ganyen darbejiya da na mangwaro a kwashe kafin su ruɓe.

Rago kuwa a nema masa wani wuri. Fitsarinsa yana ratsawa ya zauna cikin yashi da garin dutse, rana ta buga wari ya tashi, kofatonsa kuma yana tuge zare a inda yake zagaye turke. Yanka a kanta ya fi muni, don jini yana shiga ƙasa inda wanki ba ya kaiwa. Idan fitsarin yaro ne ko kashin kaji, a kwashe, a kwarara ruwa sosai, a bi da ruwan khal da aka surka rabi da rabi da ruwa. Kada fetur ko kananzir ko tina su taɓa ta, suna narkar da gam ɗin baya.

Wuta ita ce babbar abokiyar gabarta. Zaren PE yana narkewa da zafin da bai fi na tafasasshen ruwa da yawa ba, don haka garwashi ɗaya da ya faɗo daga kurfoti, ko guntun sigari, ko tukunyar da aka sauke, ko salansar janareto da babur, kowanne zai bar tabo mai tauri. Har gilashin taga mai ƙyalli yana iya tattara rana ya narkar da layi guda a jikinta, idan ka ga haka a sa wa tagar raga ta waje. A ware wa murhu da janareto wuri na siminti ko intalok, da tazarar aƙalla mita ɗaya. Idan ɓarnar ta riga ta faru, ana yanke wurin murabba'i, a yanko daidai shi daga ragowar da aka ajiye, a duba zaren ya fuskanci gefe ɗaya da sauran, a manne da ƙyallen haɗi da gam. Saboda haka ranar shimfiɗa kada ka bar masu aiki su tafi da guntayen, ka naɗe su ka ajiye a inuwa.